Ƙasar da Aminina Ya Zaɓa Mini

Sai da furfura ta fara fito mini a gemu na koyi riƙe fensir. A ajin yaƙi da jahilci, a gindin tsamiya, malaminmu ya ce duk wanda hannunsa ya faɗa ya rubuta wani abu da ya gani da idonsa. Wasu suka rubuta shekarar fara, wasu ranar da suka fara ganin mota. Ni abin da ke cikina shi ne ranar da ƙasa ta girgiza, da abin da na gano bayanta game da mutumin da na fi yarda da shi a duniya. Na daɗe ina ɗauke da shi. Zan sauke shi a hankali, yadda hannuna ke tafiya.

A wajen Darini aka haife ni, ƙasar Batsari. Gonarmu tana bakin daji. Da Turawa suka sa aka shata gandun daji, sai iyakar ta ratsa tsakiyar gonar, ta bar mana gefen da ba ya ba da komai sai tsakuwa. Mahaifina ya riga ya rasu. Daga ni sai Inna, da matata, da yaranmu ƙanana, da bijimai biyu na huɗa waɗanda na hora da hannuna. A lokacin garmar shanu baƙon abu ce a wajenmu. Mutane kan tsaya a bakin gona su yi ta kallo har rana ta take.

Ina da amini, magini ne, mutumin wani ƙauye a ƙasar Safana. Yana yaro aka kawo shi wajen kakanninsa a garinmu. Ɗaki ɗaya aka yi mana kaciya, akushi ɗaya muka ci, shi ne ya yi mini abokin ango, ko da yake da ya girma ya koma ƙauyensu. Yana kirana Sarkin Noma, ina kiransa Sarkin Magina, ba wanda aka naɗa wa rawani a cikinmu.

Ran kasuwar Batsari muka haɗu, na gaya masa ina shirin tashi zuwa Babban Duhu, inda kawuna ya yi mini alkawarin fili.

Ya ce, "Babban Duhu? Ina raye? Sarkin Noma, ashe ba ka da kunya. Ni ma bana zan fita daga gidan tsoho in kafa nawa. Zo mu yi katanga kusa da katanga, in tuwonku ya ƙone ka ci namu."

Na ce, "Tuwon wa ke ƙonewa? Kai dai ka ce kana neman mai ɗora maka miya."

Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Da na gaya wa Inna ta ce, in dai wajen wannan yaron ne ba ta da fargaba.

Da muka isa ƙauyen aminina, mai gari ya karɓe mu hannu biyu, ya ba mu filaye biyu a bakin gari, ya ce mu raba tsakaninmu. Ɗaya yana tudu, a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ƙasarsa tauri kamar ƙarfe, ba inuwa ko ta kunkuru. Ɗayan yana gangare kaɗan, shimfiɗe, ƙasa baƙa mai laushi, ga wata kanya ta buɗe rassa a gefensa. Tsakaninsu bai fi inda za ka kira mutum ya amsa ba. Ban buɗe baki ba aminina ya riga ni.

Ya ce, "Kai baƙo ne, ga kuma tsohuwa. Ɗauki mai laushin da inuwar. Ni na saba kokawa da dutse."

Ranar sai da idona ya ciko. Na riƙe hannunsa na yi masa godiya.

A wajenmu akwai abin da ake yi kafin a haƙa tushen gida. Mai ginin yakan ɗauki goro ya je wajen wanda ya fi kowa tsufa a unguwar, namiji ko mace, ya durƙusa ya tambaya: me ke wurin nan a da? Don ƙasa ba ta nuna abin da ta haɗiye. Wani wurin tsohuwar maƙabarta ce, wani rijiya ce aka rufe, wani marina. Inna ta tuna mini. Na sayi goron, na ƙulle a gefen riga, na gaya wa aminina ya raka ni.

Ya ce, "Haba, ai na riga na kai. Tun kafin ku iso na zaga tsofaffi. Ajiye goronka ka ba Inna ta ci."

To, baƙo in ya tsallake mai masaukinsa ya je yana tambayar tsofaffi da kansa, kamar ya ce wa gari ne bai yarda da shi ba. Ni kuwa na yarda. Na kwance goron na ba Inna.

Da muka fara haƙa, dagi yana shiga kamar cikin garin dawa. Sai kasko-kasko ke fitowa, da toka, da ƙasusuwan dabbobi. Rani ne tsantsa, amma da an yi zurfin gwiwa sai ƙasar ta yi sanyi a hannu. Na ɗebo na nuna masa.

Ya murza ya ce, "Albarka ke nan. Ko kabewa ka jefa a bayan ɗaki sai ta rufe maka danga."

Amma bai yarda a yi tubali da ita ba. Da jakuna ya riƙa kawo jar ƙasa daga wani wuri, ya ce gidan amininsa ba za a yi shi da ƙasar da ta samu ba. Wannan ma na sa shi cikin alherinsa. Ɗakunanmu na ciyawa aka yi. Na Inna kuwa na ce soro nake so, da azara da rufin ƙasa mai kauri, don ta ji sanyi da bazara. Duk rayuwarta ba ta taɓa kwana a soro ba. Da aka gama ta shiga, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon azarun, ta sa mana albarka mu biyu.

Shekaru suka yi ta tafiya. Duk ruwan farko, gonarsa nake fara kai shanu kafin tawa. Bai taɓa roƙo ba, ni ma ban taɓa jin nauyi ba. Duk inda aka zauna ana zancen amana sai na kawo labarin filayen nan biyu, har abokai suka fara cewa, "To, ga shi nan zai fara."

Matata ce ta fara lura da wani abu. Wata rana tana daka ta tsaya ta kira ni.

Ta ce, "Malam, zo ka ga randar nan."

Na leƙa. Ta ɗaga taɓarya ta buga a turmi, sai ruwan randar ya yi rawa, ya yi zobe-zobe har bakinta, alhali randar tana can gindin danga.

Na ce, "Ƙarfinki ne ya yi yawa. A rage miki tuwo."

Ta ce, "Ka ji ka. A gidan amininka mu uku muke luguden daka, ruwan randarsu ko motsi. Nan ko garken Fulani ne ya bi ta bayan gida sai in ji shi a ƙafata."

Na kai wa aminina zancen ina dariya, shi ma ya yi dariya, ya ce mata ba sa rasa abin gani. Haka kuma duk ƙarshen damina sai bangon soron Inna ya tsage. Kafin in yi magana zan gan shi ya shigo da kwandon ƙasa, ya yaɓe, ya shafe, ya tafi ko ruwa bai tsaya sha ba. Ina cewa, wane irin mutum ne wannan Allah ya ba ni?

Shekarar da abin ya faru an yi damina mai nauyi, har bayan an yanke gero ƙasa ba ta bushe ba. Da hantsi ne. Ina zaurensa a kan fa, ina gyaran karkiya, shi yana wasa gatari. Sai muka ji wani gurnani daga ƙarƙashinmu, kamar babbar mota tana tafe daga nesa. Ƙoren da ke rataye suka yi ƙara, ƙadangaru suka watse daga bango, zabi suka ɗauki kuka. Kafin mu miƙe ya wuce. Ko ɓarɓashin ƙasa bai faɗo daga rufin zauren ba.

Ya dube ni ya ce, "Sarkin Noma, cikinka ne? Na ce maka ka bar waken nan."

Ina shirin ramawa na ji ihun matata. Na juya, sai na ga ƙura ta tashi a kan kanyar gidana.

Ban san yadda na gangara ba. Rumbuna ya kife, dawa ta zube. Danga ta kwanta. Tsakar gida ta tsage, wani yashi mai ruwa yana bulbulowa daga tsagar. Matata tana zaune dirshan rungume da yara. Daga baya ta ce mini ƙasar ta riƙa kai su tana kawowa, ta kasa tsayawa, kuma ta daɗe tana yi bayan gurnanin ya ɗauke. Soron Inna kuwa babu shi. Rufin ya sauka gaba ɗaya, Inna tana ciki.

Da hannu muka tona. Gari duka ya zo, amma ba wanda ya kai aminina tono. Faratansa sai da suka yi jini. Shi ya ɗaga azarar da ta danne ta, ya tokare da kafaɗa har na jawo ta. Tana numfashi, tana salati. Ƙugunta ya karye. Aka kira maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma tun daga ranar Inna ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba.

Muka kwantar da ita a ɗakin matata. Masu jaje suka yi ta zuwa. Wasu suka ce iskokin kanyar ne, a sare ta. Liman ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, na kuwa karɓa, don haka ne. Sai dai wata tambaya ta ƙi barina. Girgiza ɗaya ce, gari ɗaya. Me ya sa a kan fa ta zo kamar wasa, a gidana ta zo kamar yaƙi? Na bi gari gida gida ina gaisuwa ina duba bango. Na tudu ba abin da ya same su. Na bakin fadama sun ɗan tsattsage. Fatake da suka zo daga Ruma suka ce can wasu sun ji, wasu ma sai labari. Ba inda ɗaki ya faɗi sai gidana.

Ana nan sai gwaggon aminina ta zo duba Inna. Tsohuwa ce tukuf, idonta ya kusa tafiya, ta daɗe tana zaune wajen 'yarta a wani gari, ba ta jima da dawowa ba. Aka riƙo hannunta har bakin shimfiɗa. Bayan sun gaisa sun yi kuka, ta laluba ƙasa da tafin hannu, ta ce,

"Wai nan ina ne? Na ji an gangaro da ni. Ba kanya ce na ji inuwarta ba?"

Na ce, "Ita ce, Gwaggo."

Ta ce, "La'ilaha illallahu. Ɗan nan, a kan kududdufi kuka gina?"

Na ce, "Wane kududdufi?"

Ta ce, "Kududdufin Kanya mana. Duk tsohon garin nan daga cikinsa aka ɗebi ƙasar gina shi. Jaki in ya faɗa ba a ganin kunnensa. Da ya ci wata yarinya aka ce a cike shi. Shekara da shekaru ana zuba shara da toka da yashi har ya shafe. Ko akuya ba ma ɗaurewa a nan. Wane marar tsoron Allah ne ya nuna maka wurin?"

Matata ta sunkuyar da kai. Na ce, "Wataƙila wanda ya nuna mini bai sani ba. Ɗanki ne, magini."

Ta ce, "Shi? Shi da ya koyi iyo a ciki kafin a kai shi garinku? Sau nawa na fito da shi da tsumagiya, tsirara, yana ihu!" Ta fara dariyar tunawa, sai ta ji ba mai taya ta, ta daina.

Na ce, "Gwaggo, lokacin da za mu gina, ba a kawo wa tsofaffi goro ba?"

Ta ce, "Lokacin da kuka iso ban riga na tafi wajen 'yata ba, kuma ni ce babba a unguwar nan. Ban ga goron kowa ba."

Inna ta juya fuskarta bango.

Da yamma matata ta kawo mini abinci a kan faifai, tuwo a akushi, kunu a ƙwarya. Ina gyara zama sai gwiwata ta bugi faifan. Tuwon yana nan yadda yake. Kunun ya yi tangaɗi ya zubo, kuma bayan faifan ya tsaya shi bai tsaya ba, yana ta kai da kawowa a cikin ƙwaryar. Na zauna ina kallonsa har ya lafa. Bugu ɗaya ne ya same su. Gidan aminina yana kan abu mai tauri, nawa yana kan ƙwaryar da aka cika da shara da ruwa. Shekaru bayan haka na ba malamin ajinmu wannan labari, ya ce ya karanta cewa a ƙasashen da girgiza ta saba zuwa haka abin yake: ƙasar da aka cike, mai laushi da danshi, takan ƙara wa girgiza ƙarfi ta kuma riƙe ta, dutse kuwa yakan bar ta ta wuce. Na ce masa randar matata ta daɗe tana gaya mini, ni ne na mai da abin wasa.

Ban je wajensa a ranar ba, ban je washegari ba. Na bari sai da na tabbata zan iya magana ba tare da na ɗaga murya ba. Na same shi a bayan gidansa yana jera tubali a rana, masu yawa, jar ƙasa mai kyau.

Ya ce, "Sarkin Noma! Ka ga aikin? Na gaya wa samari, ran Asabar gayya. Soron Inna zai tashi ya fi na da."

Na ce, "A ina?"

Ya ce, "A inda yake mana."

Na ce, "A kan Kududdufin Kanya?"

Tubalin da ke hannunsa bai faɗi ba. A hankali ya ajiye shi a layi, ya goge hannu a cinya. Bai dube ni ba.

Na ce, "Goron da ka ce ka kai, wa ka ba?"

Ya ce, "Filaye biyu mai gari ya bayar, ba na uku. Da na gaya maka, da ka wuce Babban Duhu."

Na ce, "Ni da shanuna."

Ya ce, "Kada ka faɗi haka. Wallahi ba shanu kaɗai ba ne."

Kalmar "kaɗai" ɗin nan har yau tana kunnena.

Ya ci gaba da cewa, "Danshi kawai na zata. Shi ya sa nake yaɓe maka duk shekara. Wa ya taɓa jin ƙasa ta girgiza a nan? Ko kakanninmu ba su gani ba. Ni na girgiza ta?"

Na ce, "Ba kai ka girgiza ta ba. Wancan na Allah ne, na karɓa. Amma yanzu ka gani da idonka, kafaɗarka ce ta ɗaga azarar. Ka dawo gida ka zauna kana yin tubali don ka mai da tsohuwar nan cikin ramin, ka sake aza mata rufin ƙasa a ka. Da Gwaggo ba ta zo ba, ran Asabar da ni za a yi gayyar, ina yi maka godiya."

Na jira, don ni mai jira ne. Da ya ce mini ya rasa yadda zai fara gaya mini ne, ko ya ce zo mu musanya, ka hau fa in gangara, wataƙila da labarin ya canja. Ya tsaya yana kallon tubalinsa.

Na koma gida na kwashe dawar da ta zube. Na aika wa kawuna, ya turo samari. A kan gadon kara muka ɗauki Inna, ana karɓa-karɓa, shanuna suna biye da kaya, har Babban Duhu. Da muka bi ta gindin fa yana tsaye a ƙofar zaurensa. Inna ta ɗaga masa hannu. Ni ban ɗaga kai ba.

A Babban Duhu da ƙafata na kai goro wajen tsohon unguwa, na durƙusa na tambaye shi abin da ke wurin a da. Ya ce ba komai sai fako da geza tun yana yaro. Duk da haka sai da na kafa dagi na ji ya yi ƙara ya dawo mini a hannu. Ɗakin ciyawa na yi wa Inna, ita ma ta ce shi take so. Ta yi sauran shekarunta a kwance. Wani lokaci in na shiga gaishe ta sai in tarar ta sauko da hannu ta dafa ƙasa, tana saurare.

Kafin ta rasu ta ce in yafe wa aminina, ta ce ita ta yafe. Na ce na yafe, kuma ba ƙarya na yi mata ba, ba na binsa komai gobe kiyama. Ya zo ta'aziyya, na karɓa, na ba shi tabarma da ruwa.

Har yanzu mukan haɗu a kasuwar Safana. Ya tsufa fiye da ni. Yakan miƙo hannu in karɓa. Ya tambayi gida in ce lafiya, ya tambayi yara in ce lafiya, ya tambayi gona da shanu in ce alhamdu lillahi. Sai ya tsaya yana jiran in juyo da gaisuwar, in tambayi nasa ɗaya bayan ɗaya yadda ake yi, in ƙare da tsokanar da muka saba. Nakan ce masa, "A gai da gida," in saki hannunsa. Sunan da nake kiransa da shi ban sake furta shi ba, shi ma ya daina kirana da nawa.

Jiya ina zaune ina wannan rubutu matata ta fara daka. Ban san lokacin da na tashi na leƙa randa ba. Ruwan yana kwance, har na ga fuskata a ciki.